Kwana 10 a bakin teku, masauki ɗaya: ina za mu sauke jakunkuna?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah waɗanda suka taɓa zuwa yankin Antalya na Turkiyya ku taimaka min da shawara kafin kaina ya fashe. Muna shirin hutun kwana 10 farkon Oktoba, ni da maigida da yara biyu 'yan shekara 6 sai Hajiyata wadda gwiwa ke damunta, tana tafiya amma ba mai nisa ba, matakala kuwa ko a mafarki ba ta son gani. Ni dai so nake mu kama waje ɗaya a bakin teku mu sauke jakunkuna mu manta da su, ranar da muka ga dama mu fita da safe mu ga wani wuri mu dawo mu kwana a gadon da muka saba. Shi kuma maigida ya zo min da takarda ya jera wurare 11 har da Pamukkale da Kash da Kapadokiya, wai tunda an biya kuɗin jirgi sai an more shi. Wancan karon da muka bi tsarinsa otal 4 muka kwana cikin kwana 8, na dawo gida ina neman wanda zai ba ni hutu, caja ɗaya da takalmin yaro ƙafa ɗaya har yau suna can wani ɗaki. To cikin garin Antalya za mu zauna ko Kemer ko Side ko Alanya? Kuma fita nawa ya kamata mutum ya yi ba tare da ya mayar da hutun aikin gayya ba?

Autan Mama:
hhhh takalmi ƙafa ɗaya, Allah ya jiƙan rai. Anti ki bar shi da takardarsa ki kama otal irin mai komai a ciki a Lara ko Belek, wuraren otal-otal na bakin teku a gabashin Antalya, ci da sha da wurin iyo da wurin wasan yara duk a waje ɗaya, ba ruwanki da taswira

Malam Taswira:
Wa alaikumus salam. Hajiya kafin a zaɓi gari a fara duba inda ake son zuwa, don masaukin shi ke bin fitar, ba fitar ke bin masauki ba. Yankin nan kamar igiya yake a miƙe, titi ɗaya ne babba mai suna D400 yake bin gaɓar tekun, duk inda za ki sai kin hau shi. Daga cikin Antalya: kufan tsohon garin Perge bai kai kilomita 20 ba, na Aspendos wajen 45 zuwa 50, Side wajen 75, Alanya wajen 135, duk waɗannan ta gabas. Ta ɗaya ɓangaren kuma Kemer wajen 45, Faselis wajen 60. Kin ga Antalya ce a tsakiya. In kika zauna Alanya kin je ƙarshen igiya, duk fita sai kin ci awa biyu kafin ma ki iso Antalya. In kika zauna Kemer kuma duk ranar da za ki gabas sai kin keta cunkoson Antalya sau biyu, tafiya da dawowa.
Ma'aunina ni: duk abin da Google Maps ya ce miki ki ƙara rabinsa a kai saboda yara da banɗaki da neman wajen ajiye mota. In lissafin ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa kawai, wannan ba fitar yini ba ce, tafiya ce mai zaman kanta. Da wannan ma'aunin Kash ta fita, kusan kilomita 190 ne kuma hanyar duk kwana-kwana ce. Kapadokiya kuwa kar ma a kawo ta, ta haura kilomita 500.

Ɗan Yawo:
Malam ban yarda ba gaskiya. Kai fa kana lissafin awa ɗaya da rabi zuwa, ka manta da dawowa, awa 3 kenan a mota kullum a kan titi ɗaya, rana ta uku yara sun haddace gidajen man da ke hanyar. Wanda ya raba kwanakin biyu, 5 a Side 5 a Kemer ko ƙauyen Cirali da ke gaba da ita, sau ɗaya zai ɗaure kaya amma duk fitarsa ba za ta wuce minti 30 zuwa 40 ba. Masauki ɗayan nan da ake ta yabo wani lokacin wahala ce aka yi wa kwalliya. Kuma ni ina bayan maigidan, mutum ya zo har nan a ce bai ga Pamukkale ba?

Hajiya Babba:
Ɗan nan bari in ba ka labarin Pamukkale ɗin tunda ni na je daga Antalya a yini ɗaya. Wani kamfanin yawon buɗe ido muka bi, ba zan kama suna ba. Tun duhun asuba bas ta ɗauke mu, sai da ta zaga otal-otal tana kwasar mutane kusan awa guda kafin a kama hanya, hanyar kuma ta kusa kilomita 250. A tsakiya aka sauke mu wani shagon kayan fata wai a huta, aka rufe mu a ɗaki ana nuna mana riguna, da dawowa kuma shagon duwatsun ado. Wurin da muka je dominsa bai fi awa biyu da rabi muka yi ba, kuma a kan farin dutsen nan ba a shiga da takalmi, ƙafa tsirara ake takawa, wani wajen santsi wani wajen kaifi kamar an zuba ƙaya. Wurin yana da kyau ba ƙarya, ruwan ɗumi yana gangarowa kan farin dutse kamar an shimfiɗa auduga. Amma ƙarfe 10 na dare muka shigo ɗaki, washegari ban iya sauka ko karin kumallo ba, kwana biyu kenan suka tafi a kan hoto guda 6. 'Yata in kina ƙaunar mahaifiyarki kar ki sa ta a bas ɗin nan.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya na gode, yanzun nan na tura masa wannan a WhatsApp ya karanta ya yi shiru hhh. Ɗan Yawo kai kaɗai kake tafiya da jaka ɗaya a baya shi ya sa, ranar canza masauki a wajenmu yini ne cur, a fitar da mu ƙarfe 11 ko 12 can kuma ba za a ba mu ɗaki ba sai 2 ko 3, muna zaune a falon otal da akwati 5 da kayan iyo jiƙaƙƙu a leda, yara suna yawo suna taɓa kayan mutane. Na yi na gani ba na ƙari.

Ɗan Yawo:
To na ji wannan, da tsohuwa da yara lissafin daban ne. Amma dai kar ki ce ban faɗa ba

Anti Nas:
Ni ta ɓangaren Hajiya zan yi magana don kowa na ta kilomita an manta da gwiwa. Kar hotunan tsohon garin Antalya su ruɗe ki, Kaleici ake ce masa, yana da kyau sosai, nan ƙofar Hadrian take wadda aka gina a shekara ta 130 da hasumiyar Yivli ta zamanin Saljuƙawa, amma lungunan daɓen dutse ne kuma gangare suke zuwa tashar jiragen ruwa, otal-otal ɗin ciki yawanci tsofaffin gidaje ne aka gyara, da yawa ba lifta, mota ma ba ko'ina take shiga ba. Wurin zuwa ne da yamma a zaga a koma, ba wurin kwana da mai ciwon gwiwa ba. Akwai lifta da ke sauke mutane daga saman gari zuwa tashar ruwan, ku neme ta kar ku bi matakala. Kafin ki biya kuɗin kowane masauki ki tura musu saƙo da tambaya uku: akwai lifta, taku nawa ne daga ƙofa zuwa bakin ruwa, kuma ana tsallaka babban titi ko ba a tsallakawa. Kalmar "kusa da teku" ba ta da ma'auni, na taɓa kama ɗaki wai minti 5, ashe minti 5 ɗin saukar matakala sama da 100 ne.

Autan Mama:
shiyasa nace Lara ko Belek, fili ne shimfiɗaɗɗe ga yashi mai laushi ga lifta ko ina

Malam Taswira:
Auta maganarka tana kan hanya amma akwai tarko a ciki. In ka biya kuɗin ci sau uku a otal, duk ranar da ka fita sai ka ji kamar asara kake, sai ka ga ana ta sauri a dawo kafin a rufe abincin rana, ko kuma a fasa fitar gaba ɗaya. Na san waɗanda suka yi mako a irin otal ɗin nan ba su ga komai ba sai hanyar filin jirgi. In niyyar zama ce kawai babu laifi. Ita kuwa ta ce tana son fita. Sannan manyan otal ɗin Belek a ware suke, in ka fito ƙofa ba inda za ka taka da ƙafa, sai tasi.

Autan Mama:
to Malam ai hutu akace ba jarabawar tarihi ba, ni in na ga teku na ga gado an gama

Uwar Tafiya:
Ba wanda ya yi maganar irin bakin tekun kansa kuma shi ne za ku fi zama a kai. Konyaalti da ke yammacin gari tsakuwa ce ba yashi ba, ruwan garau kamar gilashi ga duwatsu a gefe abin sha'awa, ga doguwar hanyar tafiya a miƙe da kujeru da wuraren wasan yara, Hajiya za ta ji daɗin ta da yamma. Amma taku kaɗan ruwan ya yi zurfi, kuma tsakuwar tana cin tafin ƙafa sai an sayi takalmin roba na shiga ruwa. Kemer ma yawanci tsakuwa ce. Lara yashi ce. Side kuma, Si-de ake faɗa yadda aka rubuta, yashi ne mai laushi kuma ruwan ba zurfi, yaro zai yi ta tafiya yana iya gwiwarsa, ga 'yan shekara 6 ban ga kamarsa ba. Na Alanya wanda ake kira bakin ruwan Kiliyofatra yana da kyau a hoto amma yana saurin zurfi kuma igiyar ruwansa tana da ƙarfi, ni ban saki hannun ɗana ba ko sau ɗaya. Ni da ni ce ke Side zan zauna, Aspendos na nan kusa, magangarar ruwan Manavgat na bayan gida, tsohon garin Side ɗin kansa kufan Rumawa ne ga ginshiƙan Apollo a bakin ruwa ana zuwa kallon faɗuwar rana, Antalya kuma a je mata yini ɗaya.

Malam Taswira:
Side ba laifi amma kin yanke musu yamma gaba ɗaya, daga can zuwa Faselis ya haura awa biyu. Kuma Faselis ne wurin da ya fi dacewa da wannan iyalin cikin duk jerin: tsohon gari ne mai tashar ruwa uku, itatuwa sun rufe shi da inuwa, babban titinsa a shimfiɗe yake daga wannan bakin ruwa zuwa wancan, yara su yi iyo, Hajiya ta zauna a inuwa, maigida ya zaga kufai ya ce ya ga tarihi, an ce ma Iskandar na Masedoniya ya yi hunturu a nan wajen shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa. Kowa ya samu nasa a fita ɗaya.

Uwar Tafiya:
Malam fita ɗaya kake karewa, ni kwana 6 na zaman bakin ruwa nake karewa. Lissafa ka gani wa ya fi yawa

Baƙon Gari:
ni fa ina mamaki me yasa ba za ku je Zanzibar ba kawai, tsibiri ne ƙarami duk inda ka zauna ka iya zuwa Stone Town ko dajin Jozani ka dawo

Uwar Tafiya:
Can ma sai an yi wannan lissafin ai. In ka zauna gabas irin su Paje da Jambiani ruwa yana janyewa nesa sosai sau biyu a yini, ka fito da kayan iyo ka tarar teku ta yi ƙaura sai ka jira ta dawo, arewa wajen Nungwi ne abin bai kai haka ba. Bahar Rum kuwa, wato tekun Antalya, kusan ba ta janyewa, inda ka bar ta da safe nan za ka same ta.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambayar baiwar Allah, sun riga sun yanke inda za su. Mai son Zanzibar ya buɗe nasa zancen.

Maman 'Yan Biyu:
Yanzu kun raba min hankali biyu, Side ko Lara. Konyaalti na so amma maganar zurfin nan ta tsorata ni, ɗaya daga cikin 'yan biyun ba ya jin kira in ya ga ruwa. Maganar mota fa? A ɗauki haya ko a bi na haya?

Direban Dare:
Ya danganta da inda kika sauka. In cikin Antalya ne akwai taram, jirgin ƙasa na cikin gari, yana zuwa har filin jirgi kuma yana kaiwa Aksu kusa da Perge, ga bas-bas, ga ƙananan motocin da suke kira dolmush suna bin garuruwan gaɓar. Mutum biyu masu ƙarfi wannan ya ishe su. Amma ku biyar da tsohuwa, inda motar ta sauke ku ba nan ne ƙofar wurin ba, sau da yawa sai an ƙara tafiyar ƙafa a rana. Shawarata kar ku ɗauki mota ta kwana 10 tana zaune kuna biya, ku ɗauka na kwana 3 ko 4 a tsakiyar hutun, ko ku yi ciniki da direba na yini guda. In za ku ɗauka ku ce mai giya otomatik tun wajen kamawa in maigida bai saba da ta hannu ba, ku nemi kujerun yara, kuma ku ɗauki bidiyon jikin motar ta ko'ina kafin ku tayar, har tayoyi da gilashi. Ni an taɓa ɗora min wani ƙarce da ban san da shi ba, ba ni da hujja haka na biya. Hanyar gabas a miƙe take sai dai fitilun kan hanya da yawa, ta Kemer kuma tsakanin dutse da teku take da ramukan ƙarƙashin dutse da kwana, in akwai mai amai a mota a sa shi gaba ko a tanadi leda.

Anti Nas:
Kuma a bar tsarin fita kullum. Yau a fita gobe a zauna. Ranar isowa da ranar komawa ba a lissafa su, saura 8, fita 3 ko 4 ta isa. Oktoba kun dace, zafin Yuli da Agusta da ke haura digiri 35 ya sauka, ruwan kuma bai huce ba tukuna yana nan wajen digiri 24 zuwa 26. Duk da haka Perge fili ne fetal ba inuwa, a je da sassafe a fito kafin 11. Aspendos ya fi sauƙi ga Hajiya, daga wajen ajiye mota zuwa cikin tsohon dandalin wasansa na dutse ba nisa, ta zauna a layin ƙasa yara su hau sama su yi ihu su ji muryarsu na dawowa, tun zamanin sarki Markus Aureliyus aka gina shi a ƙarni na 2 kuma har yau a tsaye yake kusan cif. Awa ɗaya ta ishe ku. In kuna Lara ma akwai Duden, inda kogi ke zubowa daga kan dutse kusan mita 40 kai tsaye cikin teku, lambu ne a shimfiɗe, wannan ko fita ba za a kira shi ba, shan iskar yamma ne. Sai tuta: in kun ga ja a bakin ruwa ba a shiga, ko da kun ga wasu a ciki.

Baban 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum, ni ne mai takardar da ake ta yanka tun safe. An shigo da ni ne in kare kaina amma na ga an riga an yanke hukunci ba na nan. Hajiya Babba na ji, Pamukkale na janye, Kapadokiya dama na san da wasa na rubuta. Amma a bar min biyu: Termessos, garin nan na kan dutse da Iskandar ya zo ya duba ya wuce bai ci shi ba, da kuma wutar nan da ke fitowa daga cikin dutse a Cirali.

Malam Taswira:
Alhaji barka da zuwa kotu. Termessos bai fi kilomita 35 daga Antalya ba amma yana sama da mita 1000 kan dutse kuma daga inda mota ke tsayawa hawa ne sosai a kan duwatsu, ba na Hajiya ba ne ba kuma na yara ba. Wutar Cirali ɗin, Yanartash ake ce mata, ita ma haka, iskar gas ce ke fitowa ta tsagar dutse tana ci, amma sai an hau matakalar dutse kamar minti 20 zuwa 30 kuma da dare ta fi kyau, ga dawowa Antalya a wannan hanyar cikin duhu. Ka zaɓi ɗaya ka je kai kaɗai ranar da su suke hutawa. In kana son abin da kowa zai hau sama ba gumi, akwai motar igiya, mai tafiya a rataye a waya, ta dutsen Tahtali kusa da Faselis, tsayin dutsen mita 2365, kamar minti 10 kun kai. Ku duba sama kafin ku sayi tikiti, in gajimare ya rufe ƙololuwar ba abin da za ku gani, kuma a ɗauki rigar sanyi.

Hajiya Babba:
Yawwa ɗana haka ake yi. Ba dole ne duk inda kai ya nufa sai an ja kowa ba, ka je ka hau dutsenka ka dawo ka ba su labari.

Ɗan Yawo:
Alhaji sun cinye ka da yawa, daga 11 an dawo 4. Termessos ɗin dai kar ka bari, ka sa takalmi mai kama ƙasa ka ɗauki ruwa da yawa don babu mai sayarwa a sama

Maman 'Yan Biyu:
To ga inda muka tsaya ni da mai takarda: Lara, tunda yashi ne kuma tana kusa da filin jirgi kuma tana tsakiya, amma ba otal mai komai a ciki ba, ɗaki mai kicin da firji da injin wanki muke nema ko otal mai karin kumallo kawai. Fita uku tare, Aspendos da Side rana ɗaya, Faselis rana ɗaya, tsohon gari da yamma. Shi ya je Termessos. Uwar Tafiya ki yi haƙuri Side ta sha kaye da ƙuri'a ɗaya, Hajiyata ce ta ce ba ta son doguwar mota daga saukar jirgi.

Uwar Tafiya:
Ba komai, amma ki kula Lara ɗin kashi biyu ce, ɓangaren da ke kusa da gari kan tsaunin dutse yake ruwa na can ƙasa sai da matakala ko lifta, yashin yana can gaba ta gabas. Ki buɗe hoton tauraron ɗan adam a taswira ki ga launin abin da ke gaban masaukin kafin ki biya.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi, wanda na ajiye tun jiya kan dutsen yake, yanzu na duba. Bari in koma nema